Ni da Ciyawa Har Abada

Da hannunsa Wendell ya cusa injin yankan ciyawa a motar wani dattijo, ranar da shi da iyalinsa suka baje kayansu a ƙofar gida suna sayarwa.

"Tafi da shi, Baba, ko kyauta ne! Ni da ciyawa har abada."

Gidan ma suka sayar. Shi da matarsa Lorraine da 'yan biyunsu suka tare a doguwar mota mai gadaje da madafa. Duk hanyar zuwa jihar Tennessee waƙa yake rerawa.

"Daga yau Asabar ta barci ce, ba ta yankan ciyawa ba," in ji shi.

"Sha barcinka, maigida," Lorraine ta ce tana danne dariya.

Suka isa sansanin masu irin motarsu a bakin tafki. Ciyawa kore shar, iya ganin ido.

"Kai! Nan ai sai manya. Ya aka yi kika samo mana?"

"Zama kyauta ne. Ɗan aiki kawai za ka riƙa yi wa mai wurin."

Sai ga mai wurin ya fito daga rumfa yana turo wani abu. Dattijon nan ne da Wendell ya ba injin.

"Maraba, ɗana! Ga tsohon abokinka, har mai na zuba masa."