Tsiren da Aka Hana Kawu

Shekarar da aka fara zagin mulkin soja a fili, Kawu ya zo gida Gazawa. Da can jitar lantarki yake kaɗawa, mai girgiza ƙirji. Daga baya ya koma wasan kwaikwayo, ya fito a mugun kwamanda, duk gari aka kalla a talabijin.

Ran kasuwa da la'asar ya riƙe hannuna muka je wajen mai tsire. Har yau ina jin ƙamshin ƙuli-ƙulin nan.

"Tsinke biyu, ɗaya na ɗiyata."

Mai tsire bai ko ɗago ba. "Ba ni sai da ma mai dukan talaka. Da idona na ga ka mari tsoho."

"Haba Ɗan Bawa, wasa ne, gemun ma na auduga ne. Ba kai ka yi rawar kiɗana har takalminka ya tsinke ba?"

"Lokacin kana mutum."

Jama'a suka yi ta dariya, su da in jandarma na gaske ya zo wucewa sai su cire hula. Kawu ya ja hannuna muka tafi. Bai ƙara kwana a Gazawa ba.

Yau waƙoƙinsa suke sawa a rumfar mai tsiren nan, suna cewa ɗan garinmu ne. Ni ba na cin tsirensu.