Sashe na Goma Sha Huɗu

Rigar lauyan ta matse shi a hammata. Shekara goma sha shida tana rataye a bayan ƙofa, shi kuwa goma sha biyu daga ciki a majalisar ƙasa ya yi su, inda ba a rama. Ya ja ta ya gyara, ya zauna a bencin lauyoyi yana jiran a kira shari'ar da ta kawo shi.

Mutum goma sha ɗaya aka kama a zanga-zangar malaman makaranta. Shi ta bakwai a jerin ya zo wa, wata malamar firamare 'yar shekara ashirin da shida, mai ciwon sikila. Kwananta tara a tsare, sau biyu ciwon yana tashi. Beli kawai yake nema, ta koma hannun likitanta.

A da, wannan aikin minti goma ne a wurinsa. Kafin ya shiga siyasa Mabuɗi ake ce masa a kotuna, don babu dokar da zai karanta sau biyu bai gano ɓarakarta ba. Ya fitar da direbobi, ya fitar da ɗalibai, ya fitar da waɗanda shi kansa ba zai bar musu ajiyar takalminsa ba. Da wannan sunan ya ci zaɓe. Iyayen da ya dawo wa da 'ya'yansu gida su ne suka sha rana a layi dominsa.

A majalisa ya tarar ana tayar da jijiyar wuya kan dokokin da rabin zauren bai karanta ba. Shi yana karantawa, don haka aka damƙa masa kwamitin shari'a. A zangonsa na uku, bayan wata tarzoma da aka ƙone shaguna, aka kawo ƙudurin hana taro ba da izini ba: duk wanda aka kama, kwana casa'in babu beli. Ya karanta daftarin ya yi dariya, ya ce ko lauyan da ya gama makaranta jiya zai bi ta cikinsa da mota. Ya ɗauki jan biro ya zauna. Duk hanyar da ya taɓa bi ya fitar da mutum, ya nemo ta ya toshe, ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya san hanyoyin kamarsa.

Wata 'yar majalisa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta roƙi a ware marasa lafiya.

"Ranki ya daɗe," in ji shi, "ni da kaina na fitar da ƙarti sama da ashirin da takardar likita, babu mai ko mura a cikinsu."

Zauren ya kwashe da dariya. Ya ƙara kalmomi bakwai a ƙarshen sashe na goma sha huɗu: ko da kuwa bisa dalilin rashin lafiya. Aka tafa masa. Da zaɓe ya zagayo, jam'iyya ta ba wani takara, ya koma gida da hotuna da hawan jini.

Magatakarda ya kira shari'ar. Alƙalin, wanda ya taɓa zama ƙaramin lauya a ofishinsa, ya dube shi ta saman tabarau.

"Barista, ka tabbata kai za ka tsaya? Kotu za ta iya ba ka lokaci ka samo wani."

"Ni zan tsaya, ya mai shari'a."

Ya yi magana ta minti arba'in. Ya faɗi shekarar da aka fara ƙara wa malamar jini, ya faɗi sau nawa ta kwanta a asibiti, ya ambaci maganin da jikinta ba ya karɓa. Fayil ɗin yana rufe a gabansa. Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Kwana tara ke nan ba ya jin komai, ba tsoro, ba fushi, ba ɗanɗanon abinci, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Lauyan gwamnati, matashi ne, ya miƙe kamar wanda aka tilasta. Bai ja da ko ɗaya daga cikin hujjojin ba. Sashen kawai ya karanta, da ya zo kalmomin ƙarshe ya rage murya. Sannan ya ce yana da kwafin muhawarar majalisa, idan kotu tana son sanin manufar waɗanda suka rubuta dokar.

"Ba sai ka karanta ba," in ji alƙalin.

Barista ya sake duba sashen, duk da ya haddace shi. Ya bi shi kalma-kalma yana neman wuri guda da ya yi sakaci. Babu. Aikin ya yi kyau. A duk rayuwarsa bai taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba.

Alƙalin ya yi rubutu na ɗan lokaci, ya ce doka ba ta bar masa hanya ba. An hana beli. Bai ɗago kai ba har ya tashi.

Barista ya tattara takardunsa ya daidaita bakinsu, ya sake daidaitawa. Saura kwana tamanin da ɗaya, kuma ya san abin da likita ya ce game da tashin ciwon karo na uku. Ya bi bayan waɗanda ake tuhuma zuwa harabar kotu, inda motar gidan yari take jira. Malamar tana tafiya a hankali, idanunta sun yi ɗorawa, wata ma'aikaciya tana riƙe da gwiwar hannunta. Da ta zo daidai shi ta tsaya.

"Ka yi ƙoƙari, Baba," ta ce. "Je ka gida ka huta. Ka ce wa Mama an ɗage zaman ne kawai."

Yana tsaye a wurin har aka rufe ƙofar motar da autarsa a ciki.