Notuna a Farantin Umma

Wata Asabar da la'asar, a tsakar gidanmu na Kurudu, Baba ya kwance injin tsohuwar basfarsa zai sa mata sabon fistin. Shi ba makanike ba ne, ma'aikacin gwamnati ne mai son taɓa ƙarfe. Duk notin da ya cire sai ya ajiye shi a farantin Umma, bi da bi, don na ƙarshen fita shi ne na farkon komawa.

Shekarata bakwai. Yana tafiya masallaci na wanke su tas da kananzir, na sake jera su daga babba zuwa ƙarami.

Ya dawo ya daɗe tsaye a kan farantin. Da basfar nan zai je aiki ran Litinin.

"Mamana," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "jerin ya yi kyau. To zauna, tare za mu nemo wa kowa gidansa."

Har magariba ina miƙawa yana gwadawa.

Shekaru sun shuɗe, Baba ya rasu. Noti ɗayan da muka rasa gidansa ranar yana cikin jakata har yau.