Kujerar Mai Sauraro

Ƙa'idar ɗakin ɗaya ce: ba a cewa "yi haƙuri". Haka aka faɗa wa Kulu ranar da mijinta ya kawo ta asibitin nan na Buza, wai akwai wata dattijuwa da ke neman mai sauraronta. Kulu ta karɓi aikin. Ita kam haƙuri ya ishe ta. Tun da ruwan ƙorama ya tafi da ɗanta Anas a damina, kowa shi yake zuba mata. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma sake ɗaukar jaririyarta Mardiya ba. Kakarta ke goyon ta, tana ba ta kunu, yarinyar sai ramewa take yi.

Kowace Alhamis Kulu kan tarar da ɗakin a buɗe, dattijuwar, Altine, na zaune a tabarma, ta bar mata kujera. Altine ta rasa ɗa a hatsarin mota a hanyar Madawa, da daɗewa. Takan yi magana kaɗan, ta yi shiru mai tsawo. Kulu na kallon bango, tana ji kamar rediyon maƙwabta.

"Ban yi wanka ba har wata ya wuce," in ji Altine wata rana. "Ke mi kika gani?"

"Ba ki da laifi."

Altine ta gyara zama. Ta iya jira, matar nan, har abin ya ba mutum haushi.

Aka yi girbi. Wata Alhamis Altine ta ce ita ce ta sa ɗanta a motar da hannunta. Kulu ta buɗe baki don ta ba ta haƙuri, ta tuna ƙa'ida. Sai wata magana ta fito a madadinta.

"Ni na aike shi, Anas ɗina. Goro kawai zai sawo min."

"Ke kika aike shi," in ji Altine a hankali.

"In na ɗauki ɗiyar nan, ita ma hannuna zai kashe ta."

Altine ba ta musa ba, ba ta yi wa'azi ba. Ta matso. Kulu ta zame daga kujerar, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Da ta tashi, ta tambayi ko motar garinsu Allakaye ta tafi, Mardiya ba ta sha nono ba.

Altine ta naɗe tabarmar, ta ciro makullin ɗakin daga bakin zanenta.

Ma'aikacin jinya ya leƙo, ya dubi Altine, likitar ɗakin. "Lokotoro, in shigo da mai bi mata?"