Karen da Ya Ƙi Zama

"Zamna!" tsohon ya daka wa karen tsawa, karen ya ci gaba da haushi. Maƙwabta sun rantse in ya sake bin awakinsu, guba za su sa masa. Karen na ɗansa ne, wanda mota ta kife da shi bara a hanyar Ƙonni.

Ya gwada ƙashi, ya gwada sanda, duk a banza.

Wata rana 'yarsa ta kawo masa abinci gonar albasa. Tana latsa waya, sai tsohon saƙon yayanta ya tashi: "Baba, zamna ka huta, ina nan tahe."

Nan take karen ya zauna, ya zuba wa hanya ido.

"Sake kunna mai," in ji tsohon. Ya ajiye fartanya, shi ma ya zauna.