Ruwan da Ya Kwana a Bututu

"Iya, gobe ki buɗe famfunan nan tun da sassafe, su yi ta zuba," in ji hedimasta. "Masu gwajin ruwa za su zo."

Shekara tara ina sharar makarantar nan. Mutumin da ke zane yaro a kan ɗigo ɗaya, yau shi ke cewa a zubar? Na ce to, amma ruwa ba ya tsami banza.

Na yi yadda ya ce. Da hantsi wata mata ta iso da kwalabe, hedimasta na biye da ita yana washe baki. Da ya juya, na matsa kusa.

"Baiwar Allah, me kuke nema?"

"Dalma, Iya. Guba ce, tsohon bututu ke sakinta a ruwan da ya kwana. Shi ya sa na farko muke so. Ba a taɓa famfon yau ba, ko?"

Kullum ni da autata muke riga kowa zuwa, ita ke fara shan ruwan. Daga ciwon ciki sai mantuwa, sai jijjiga. Bara na rasa ta. Hedimasta har gida ya zo, ya ce kwana ne ya ƙare.

Har yau kowace safiya sai na fara cika gorarta a famfon. Hannuna ya ƙi dainawa.

Na san aikina zai tafi. Na ciro gorar daga jakata.

"An taɓa," na ce. "Ga na farkon."