Ranar da Inna Mizun Ta Ci Abinci

Tun daga garin Mirbat yake tuƙa mota yana kau da kai daga teku. Tana nan a hagunsa, baƙa wuluk, tana dukan duwatsu da irin haukan da take yi duk damina. Ko sau ɗaya bai dube ta ba. Sai da ya bar itatuwan kwakwa a baya, ya fara hawan dutse, sannan ya saki numfashi.

Tuful ce ta kira shi tana kuka, 'yar autar Inna Mizun. Tsohuwar, wadda idanunta suka tafi tun bara, ta kife kwano. Ta rantse ko dabino ba zai ƙara wuce maƙogwaronta ba sai ɗanta Bakhit ya dawo daga kamun kifi ya zauna a gabanta. An yi lallashi, an kira liman, an kira likita, duk a banza. Yanzu ko zama ba ta iya yi sai an tallafe ta.

A kan dutse hazon damina ya rufe komai ruf. Yayyafi ba ya tsayawa, ciyawa ta yi kore shar, hanya ta yi santsi. Inda kwalta ta ƙare ya ajiye mota ya taka da ƙafa. Jallabiyar da ke jikinsa ta matse shi a kafaɗa, tana warin gishiri da tsohon gumi, kuma duk inda ya juya sai ya ji kamar wani na biye da shi daf da ƙeya. Ya waiwaya, ba kowa sai fari fat. Wallahi tsoro ya ji, irin wanda bai taɓa ji ba ko a tsakiyar ruwa. A gindin wani ɓaure ya ɓace hanya, sai kukan shanu ne ya dawo da shi.

A bakin garke Kawu Mahad na tsugune yana tatsa. An jingine wa saniyar fatar maraƙinta da ya mutu, an cusa wa fatar ciyawa an ɗinke, saniyar tana ta lasarta, nono kuwa na zuba a kwano. Tsohon ya ɗago ya dube shi daga sama har ƙasa, ya yi sauri ya sunkuyar da kai.

Tuful ta tare shi a ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ba ka dai wanke rigar ba ko? Inna da hanci take gani. Kuma don Allah kada ka cika magana."

Ya shiga, goshinsa ya daki saman ƙofa ƙum. Ɗakin ya turnuƙe da hayaƙin turaren lubban. Inna Mizun na kwance a kan tabarma, ta rame ta zama kamar kara.

"Inna, ga Bakhit ya zo," in ji Tuful.

Ya durƙusa ya sumbaci goshinta. Tsohuwa ta damƙo wuyan jallabiyar, ta cusa fuskarta a ciki, ta shaƙa, ta sake shaƙa. Ta daɗe a haka har ya ji ƙirjinsa ya jiƙe. Yatsunta suka bi kafaɗarsa, suka hau haɓa, suka tsaya a kunne.

"Ɗan banza," ta ce a hankali, "sai da ka ji zan mutu? Kuma ji yadda ka yi ƙiba, kifin da kake kamawa kai kake cinye shi. Ke Tuful, kin tsaya min a ka kamar dogari. Ina shinkafar?"

Tuful ta fita da gudu, tana dariya tana share hawaye. Aka kawo shinkafa da busasshen kifi da nono mai ɗumi. Da hannunsa ya riƙa ba ta, loma bayan loma, tana haɗiyewa da ƙyar, har ta cinye rabin kwanon. Tuful ta kwashe kwanuka ta tafi yi wa Kawu albishir.

Ɗaki ya yi tsit, sai ɗigar ruwa daga rufi. Inna ba ta saki hannun rigar ba.

"Fatar nan da ka gani a garke, ni na ɗinka ta da lalube," ta ce. "Tun ina budurwa nake ɗinka su. Maza gani suke sun yi wa saniya wayo. Ta sani sarai, ɗan nan. Tausayin masu jiran nonon take ji, shi ya sa take saki."

Ta jawo shi kusa, ta sa bakinta a kunnensa.

"Zan ci, saboda yarinyar nan, kada ka gaya mata. Amma kai da kuke jirgi ɗaya da shi, tunda ka zo min cikin rigarsa, faɗa min gaskiya: teku ta dawo da gawar Bakhit an binne, ko har yanzu tana riƙe min da shi?"